Jirgin Ƙasa Na Tafe, Ina Kayan Tarihinmu?



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu malamai waɗanda suka koya mana riƙon alƙalami, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da gabana ya faɗi, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana bayani a gaban waɗanda suka sha gyara masa rubutu da jar biro. To amma umurnin manya ba a ƙinsa. Idan na yi kuskure, malamai, a gyara mini kamar yadda aka saba.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wani abin kunya da ya same ni bara. Wani abokin aikina daga kudu ya zo Katsina, ya ce in kai shi ya ga ganuwar da ya karanta labarinta. Na ɗauke shi muka nufi wurin da muke hawa muna yara mu hangi bayan gari. Muka tarar da shaguna da wurin wankin mota. Na yi ta nuni da hannu ina cewa nan take a da, shi kuma yana ta gyaɗa kai don kada in ji kunya. A ranar na tambayi kaina: idan ni da ban kai shekara 40 ba na fara cewa "nan take a da", me ɗana zai nuna wa nasa baƙon?

Bari in fara da maganar jirgin ƙasa, tunda ita ce ke bakin jama'a. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Birnin Katsina bai samu ba. Shi ya sa kakanninmu suke kai gyaɗa da auduga da fatu Kano ko Funtuwa, da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci. Tasha ce ta ɗaga Funtuwa ta zama garin ciniki, kuma wannan tsohuwar tasha ita ma kayan tarihin jiharmu ce. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layi mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wannan abin farin ciki ne. Amma duk inda tasha ta sauka, farashin fili yakan tashi, a buɗe sababbin hanyoyi, 'yan kasuwa su nemi wurin gina shaguna da masauki. Tsohon gini na ƙasa shi ne na farko da ake kallo a ce ya tare wuri.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. A birnin New York na Amurka, a 1963 aka fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, ginin da aka buɗe a 1910, don a yi wani abu mai kawo kuɗi a wurin. Sai da aka fara ɓarna yawancin mutanen birnin suka farga. Baƙin cikin abin ya sa suka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, kuma da wannan doka aka ceci ɗaya tashar, wato Grand Central, bayan shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli a 1978. Su sai da suka yi asara suka koyi darasi, mu kuwa muna da damar koyo daga asararsu.

To, me muke da shi? Na farko, Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda tarihin baka ya danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Masallaci ne da makaranta a da, ana kuma hawanta don hangen abokan gaba. Masallacin ya tafi, hasumiyar ta rage, kuma ba don gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da yau sai dai labari.

Na biyu, tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafukka, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A cikin waɗannan azuzuwa na ƙasa Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Abubakar Imam suka yi karatu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ginin ya tsira ne saboda an ba shi aiki, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Ina roƙo a riƙe wannan: ginin da ake shiga ana fita ba ya saurin faɗuwa, wanda aka kulle aka bar wa jemagu shi ne damina ke cinyewa.

Na uku, ganuwa da ƙofofinta: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Lugga ya shigo a 1903. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya rubuta bayanin girman wannan ganuwa, Turawa suka karanta a ƙasashensu. Yau yawancin ƙofofin na siminti ne, ganuwar kuwa sai guntaye. Akwai kuma Gidan Korau, da maƙabartar Wali Ɗan Marina, da unguwar Masanawa ta Wali Ɗan Masani, da tsofaffin zauruka da rijiyoyi da marina a unguwanni waɗanda ba su cikin littafin kowa.

Me ke kashe waɗannan wurare? Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, rufi ya rufta. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi yakan maƙale a ciki ya ci tubali, wata rana siminti ya ɓanɓaro da rabin bango. Tsofaffin magina sun san makuba da laso, amma suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Sannan mu da kanmu muka riƙa ɗibar ƙasar ganuwa muna gini, muka zuba shara a gindinta. A nan dole in faɗi gaskiya a kanmu ma'aikata. Doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, amma kafin a yanka fili takarda tana bi ta hannun mutane irina, kuma sau da yawa ba ma tambayar abin da ke wurin kafin mu sa hannu.

Wani zai ce, gari na bunƙasa, mutane na neman wurin kwana da hanyar wucewa, ina ruwansu da tsohon bango? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda zai ce kada a faɗaɗa titi. Abin da muke nema shi ne a zauna a tantance abin da za a bari tun kafin katafila ta iso. Dubi maƙwabtanmu. Agadas ta riƙe hasumiyarta ta ƙasa mai mita 27, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu da aka gina a 1907, ba sa jiran gwamnati.

Saboda haka ina gabatar wa wannan ƙungiya shawara huɗu. Ta farko, mu kafa ƙaramin kwamiti ya zaga unguwanni, ya ɗauki hotunan tsofaffin wurare, ya naɗi bayanin dattawa tun suna raye, mu buga a wannan mujalla kashi-kashi. Ta biyu, mu nemi izinin masarauta da hukumar da abin ya shafa mu ɗauki nauyin yaɓen wani yanki na ganuwa kafin kowace damina, mu biya tsofaffin magina su yi aikin tare da matasa. Ta uku, mu riƙa biyan kuɗin mota a kai ƙannenmu ɗalibai Gobarau da Rafukka sau ɗaya a shekara. Ta huɗu, mu rubuta wa hukumomi takarda muna roƙon a keɓe wuri a sabuwar tashar Katsina inda baƙo zai ga tarihin garin da ya sauka, a kuma dubi halin da tsohuwar tashar Funtuwa take ciki. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da masu zanen gini da ma'aikatan filaye, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai na sa sunana a kwamitin farko, kuma takardar tana hannun sakatare ga duk mai son shiga kafin a tashi. Ina godiya ga malamanmu bisa haƙurin saurare. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Allah Ya ba ta Dikko ɗakin kara zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.