Likitan Ƙafa da Ɗan Wasa: Me Ya Sa Digiri Ɗaya Bai Isa Ba?



An nemi mu yi magana a kan wani fanni na ilmi wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba, sai muka zaɓi ƙarin horon da likitocin ƙafa ke samu bayan digiri domin su iya kula da 'yan wasa. Mun san wasu za su yi murmushi su ce, ana maganar zuciya da ƙwaƙwalwa, wa ke ta ƙafa? To, Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Afrilu na 2002 wani siririn ƙashi ya karye a ƙafar David Beckham, kyaftin ɗin Ingila, ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, sai da jaridun ƙasar suka yi kwana da kwanaki ba su da labarin da ya fi wannan.

Da farko ya kamata mu san wane ne likitan ƙafa. Turawa na kiran fanninsa fodiyatiri, aikinsa kuwa ya tattara ne daga idon sawu zuwa yatsu. Wurin ƙarami ne a ido, amma a kowace ƙafa akwai ƙashi 26 da gaɓa 33, watau ƙafafu biyu na ɗauke da 52 daga cikin ƙasusuwa 206 na jikin baligi. A Amurka sai mutum ya gama digirinsa na farko, sa'an nan ya yi shekara 4 a makarantar likitancin ƙafa, ya ƙara shekara 3 yana koyon aiki a asibiti, har da fiɗa. A Ingila kuwa digiri ne na shekara 3, daga nan mutum ya yi rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya. A nahiyarmu ta Afirka, Jami'ar Johannesburg ta daɗe tana da sashen wannan fanni.

Wanda ya gama wannan karatu ya san yadda zai yi da kanta da faso da farcen da ya shige nama, ya kuma san yadda zai ceci ƙafar mai ciwon sukari kada a kai ga yanke ta. To me zai sa ya koma aji? Amsar tana cikin tarihi. A 1970 aka kafa ƙungiyar likitocin ƙafa masu kula da 'yan wasa a Amurka. A 1972 Frank Shorter, Ba'amurke, ya ci gudun fanfalaki a wasannin Olamfik na birnin Munich, cikin 'yan shekaru kuwa mutane bila adadin suka fantsama kan tituna suna gudu. Sai likitocin ƙafa suka wayi gari da wani irin majinyaci da ba su saba da shi ba: lafiyayyen mutum ne garau, idan yana tafiya ba ya jin kome, amma da ya yi gudun kilomita goma sai diddige ya ɗauki zafi. Tambayarsa kuma ɗaya ce tak, yaushe zan koma fili?

Domin amsa wannan tambaya ne aka tsara ƙarin horon. A Amurka yawanci shekara guda mutum ke yi ƙarƙashin wani ƙwararre bayan ya gama koyon aiki. A Ingila kuwa ana yin kwas na satifiket ko difiloma ko digiri na biyu, kamar a Jami'ar Queen Mary ta London, inda likitoci da masu gyaran gaɓɓai da likitocin ƙafa ke karatun likitancin wasanni. Bari mu kawo abubuwa huɗu daga cikin abin da ake koyarwa.

Na farko shi ne ilmin nauyi. Duk lokacin da mai gudu ya dira ƙafa, nauyin da ke sauka a kanta ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku, a gudun fanfalaki kuwa, mai tsawon kilomita 42, za a yi wannan dira sau dubbai. Ƙashi da jijiya suna ƙara ƙarfi idan an ɗora musu aiki sannu a hankali, idan kuwa aka ɗora musu gaba ɗaya sai su gaza. Saboda haka kafin likitan ya taɓa ƙafar, sai ya tambayi abin da ya sake a makonnin baya: nisan gudu ne, ko takalmi, ko filin da ake takawa.

Na biyu shi ne sanin cewa karaya suna ta tara. Akwai wata karaya kusa da gindin ƙashin da ke riƙe da ƙaramin yatsa wadda ake kira karayar Jones, domin likitan ƙashi Robert Jones ne ya bayyana ta a 1902, bayan shi kansa ya yi ta yana rawa. Jini ba ya isa wurin sosai, don haka takan yi jinkirin haɗewa, wani lokaci ma sai an ɗaure ta da ƙarfe. Ɗan kaɗan daga wurin kuwa akwai wata karayar da ke warkewa da takalmin jinya kawai. Wanda bai iya rarrabe su ba, ya sallami ɗan wasa da wuri, ya jawo masa asarar shekara guda. Kada mu ɗauki abin da wasa: Yao Ming, shahararren ɗan ƙwallon kwando na ƙasar Sin, ciwon ƙafa ne ya sa ya bar wasa a 2011 yana da shekara 30.

Na uku shi ne duban abin da ke bayan ƙafar. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya ja hankali ga wata matsala, watau ɗan wasa ya riƙa ƙona ƙarfi fiye da abincin da yake ci. Idan haka ta daɗe sai ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa, mace kuma al'adarta takan ɗauke. Ashe tsagewar da aka gani a ƙafa, asalinta yana cikin akushi. Likitan da ya samu horo ya san inda iyakar aikinsa take, sai ya tura mai ciwon wurin masanin abinci da sauran likitoci.

Na huɗu shi ne dokokin wasa. Tun daga watan Janairu na 2022 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta hana kowace irin allurar kotizon a lokacin gasa, sai da izni na musamman. Ga shi kuwa allura ce da aka saba yi wa mai ciwon diddige. Likitan da bai san wannan doka ba yana iya jawo a dakatar da wanda ya zo neman taimakonsa. Haka nan a 2020 hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kaurin ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40.

Jama'a, duk waɗannan ana iya samun su a littafi. Abin da ya fi su muhimmanci a ganinmu shi ne koyon auna hujja. A 1977 Merton Root da abokan aikinsa suka fitar da littafinsu a kan yadda ƙafa ke aiki, aka yi shekaru ana koyar da cewa ƙafar da ke karkata ciki idan an taka ita ce tushen ciwo iri iri, sai an gyara ta da shimfiɗa ta musamman a cikin takalmi. A 2014 aka buga wani bincike daga ƙasar Denmark wanda ya bi sababbin masu gudu fiye da 900 har shekara guda, aka tarar masu irin wannan ƙafa ba su fi sauran jin rauni ba. Shimfiɗar takalmi tana nan tana taimakon mutane da yawa, amma dalilin da aka daɗe ana bayarwa ya yi rauni. Wanda ya tsaya a kan digirinsa na farko zai mutu yana maimaita abin da malaminsa ya faɗa masa, wanda aka koya wa karanta bincike kuwa zai iya sakin abin da ya riƙe idan hujja ta zo.

Daɗin daɗawa akwai ƙarfin halin cewa a'a. Ranar gasa, mai horarwa na matsawa, ɗan wasa na roƙo, 'yan kallo na jira. Mun san labarin Abebe Bikila na ƙasar Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964. A 1968 ya shiga tseren birnin Meziko da rauni a ƙashin ƙwaurinsa, bai kai rabin tafiya ba ya fita. Idan ƙafa ta iya tsayar da Bikila, babu wanda ba za ta tsayar ba. Likitan da aka horar da kyau shi ne zai dubi gwanin gari ya ce masa yau ba za ka buga ba, ya kuma kawo dalili.

Ina namu rabon a cikin wannan zance? A wurinmu yawancin wannan aiki yana hannun likitocin ƙashi da masu gyaran gaɓɓai, a unguwa kuma yana hannun masu ɗori. Muna kira ga ɗalibanmu na fannin lafiya da kada su raina ƙafa idan sun zo zaɓen abin da za su ƙware a kai. Ma'aikatanmu na ma'aikatun wasanni kuwa, ranar da aka zo rabon guraben ƙaro ilmi, su tuna cewa filin wasa ba ya cika da ginin siminti kaɗai, yana bukatar wanda zai duba ƙafar mai takawa. Mu kuma da ke buga ƙwallo da yamma, ga abu ɗaya da za mu tafi da shi. Likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada sun fitar da ƙa'ida a 1992: wanda ya yi targaɗe, idan ya kasa taka ƙafar sau huɗu, ko kuwa ƙashin idon sawun na zafi idan an danna bayansa, to a je a ɗauki hoton ƙashi. Kada a ja ƙafar, kada kuma a ce ya daure ya koma fili, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.