Matsi Cikin Ƙoƙon Kai: Daga Mutum Zuwa Raƙumin Dawa



Ƙoƙon kan baligi akwati ne na ƙashi, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa, wadda ta cinye wajen kashi 80 cikin ɗari na wurin, sai jini, sai wani ruwa garai-garai da ƙwaƙwalwa da laka ke kwance a cikinsa. Alexander Monro na Edinbara shi ya fara lura a 1783, George Kellie kuma ya ƙarfafa maganar a 1824, cewa in wani abu a cikin ƙoƙon ya ƙaru, tilas wani ya ragu, in ba haka ba matsi ya hau. Ruwan nan bai fi mililita 150 ba a jikin baligi, amma jiki na yin kusan mililita 500 kowace rana, yana kuma mai da shi cikin jini. Wato ashe rafi ne mai gudu, wanda in aka datse shi sai ya yi ambaliya.

Mutum in yana kwance, matsin yana tsakanin milimita 7 da 15 a ma'aunin zaiba. Da ya miƙe tsaye sai jini da ruwa su gangara, matsin ya faɗi kusan sifiri, ko ma ƙasa da haka. Abin da ke hana shi zarcewa shi ne manyan jijiyoyin wuya masu mai da jini zuciya: sai su lotse, su katse jan da nauyin jini ke yi wa kai.

To, ina ga raƙumin dawa, irin wanda ke kiwo a Kure, kusa da Yamai? Kansa ya ɗara zuciyarsa da kamar mita 2, saboda haka ƙarfin jininsa ya ninka na mutum. Ya zo bakin ruwa, ya buɗe ƙafafu, ya sunkuya, kai ya koma ƙasa da zuciya. Bisa ga lissafi ya kamata jini ya yi wa ƙwaƙwalwa barna, amma ba ya yi. An daɗe ana yaba wa wata saƙar ƙananan jijiyoyi da ke gindin ƙwaƙwalwarsa, ana cewa ita ke tare jinin. Wannan magana tana da rauni, don tumaki da awaki ma suna da saƙar nan, babban aikin da aka san ta da shi kuwa sanyaya jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa ne. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa idan kan ya sunkuya, jini yana taruwa a jijiyoyin wuya, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙarfin jini ya sauka da kansa. Manyan dabbobin teku masu shayarwa, irin su wel, nasu saƙar ta fi girma ƙwarai, kuma masana a Kanada sun nuna a 2022 cewa tana iya kare ƙwaƙwalwa daga bugun jinin da kaɗa wutsiya ke haddasawa.

Amma fa ga mutum kariyar tana da iyaka. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, ruwa da jini sukan ba ta wuri har su ƙare, daga nan ɗan ƙari kaɗan sai matsi ya yi tsalle. Harvey Cushing ya bayyana a 1901 yadda ƙarfin jini ke hawa a wannan hali don tura jini cikin kai. Likitoci kuma sun san bugun zuciya na raguwa, numfashi na rikicewa. Sanƙarau, wanda ya yi kisa mai yawa a Arewacin Nijeriya a 1996, yana iya jawo haka. A Malawi ma an nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke tare da mutuwar yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa kai. Jariri kam ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba tukuna, shi ya sa alamar ke fitowa fili: maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko kai ya riƙa girma fiye da kima. Jaririn da aka ga haka gare shi, balle da zazzaɓi ko amai, a kai shi asibiti a ranar.