Aikatan Ingilishi "borrow" da "lend" a Bakin Ɗalibi Bahaushe: Nazari daga Talata Mafara, Bakura da Maradun

Daga cikin kura-kuran da malaman Ingilishi suka fi cin karo da su a makarantun sakandaren wannan yanki akwai jimlar "borrow me your pen", wadda ɗalibi ke furtawa da nufin a ara masa alƙalami, alhali a daidaitaccen Ingilishi "lend me your pen" ya kamata ya ce. Wannan takarda na ganin cewa ba sakacin ɗalibi ne ke haifar da kuskuren ba, domin tushensa na cikin yadda harsunan biyu suka rarraba ma'anar aro.

Ingilishi ya ware aikatau biyu bisa alkiblar da abu ya nufa. Mai karɓa shi ke yin "borrow", kuma kalmar "from" ce ke nuna wanda aka karɓa daga hannunsa, kamar a "Musa borrowed a pump from Sani". Mai bayarwa kuwa shi ke yin "lend", wanda ke komawa "lent" a shuɗaɗɗen lokaci, kuma ana iya kawo mai amfana dab da aikatau, kamar a "Sani lent Musa a pump", ko a jinkirta shi zuwa bayan "to". Aikatau "borrow" ba ya karɓar mai amfana a wannan gurbi ko kaɗan, kuma a nan ne tuntuɓen yake.

Hausa kuwa saiwa ɗaya ta ba ayyukan biyu, sai ta bar wa wasalin ƙarshe da karin sauti, wato hawa da saukar murya, aikin bambancewa. A tsarin giredi bakwai na aikatan Hausa da F. W. Parsons ya fitar a 1960, inda giredi ke nufin rukunin aikatau masu siga iri ɗaya, "ya ara masa" na giredi na ɗaya ne kuma yana nufin bayarwa, "ya ari keke" na giredi na biyu ne mai nufin karɓa, sannan "ya aro" na giredi na shida yana ƙara ma'anar zuwa da abin wajen mai magana. Ɗalibin da ya haddace cewa aro shi ne "borrow" zai ɗauki kalmar ya cusa ta a duk gurbin da saiwar ta bayyana, kuma Ingilishin Buroka da yake ji a tasha da kasuwa, wanda shi ma ke amfani da "borrow" a fuskokin biyu, sai ya ƙara tabbatar masa da kuskuren.

Akwai kuma wani bambanci da Hausa ta kiyaye, Ingilishi bai kula da shi ba. Manomin shinkafa a filayen noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya san cewa injin ban ruwa aronsa ake yi domin shi ɗin za a mayar, amma buhun taki ko kuɗin ƙwadago rance ne, tunda madadinsu ake biya. Ingilishi bai ware waɗannan da aikatau dabam ba, don haka "ya ranta masa" da "ya ara masa" duk "lend" ne, kamar yadda "ya ranci" da "ya ari" duk "borrow" ne.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ga malami ita ce ya daina fassara kalma da kalma, ya riƙa haɗa jimla da jimla, yana nuna wa ɗalibi cewa duk inda Hausa ta kawo "wa" ko "masa" ko "mini" da nufin wanda aka miƙa wa abu, to "lend" ake buƙata, duk inda kuma "daga wurin" ko "a hannun" ya dace, "borrow" ne. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, ko wanda zai rubuta takardar neman rance bayan ya kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ya riga ya mallaki wannan bambanci a harshensa na gida tun kafin ya shiga aji ɗaya.