Babur na Tsere ko Sikuta: Wanne Ya Dace da Ma'aikaci?



Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa yau shi ne abin hawan zuwa wurin aiki. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuwa tsaya nan ba. Ma'aikata da yawa a Ikko da Badun da Fatakwal da Abuja sun jingine motocinsu, waɗanda ba su da mota kuma kuɗin bas ya ci rabin albashinsu. Saboda haka hankalin mutane ya koma kan babur. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna 1975, sa'ad da kuɗin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, ƙofar kowane ofis ta cika da sababbin babura. Bambancin kawai shi ne, wancan karon wadata ce ta kawo babur, wannan karon kuwa matsi ne.

To, mutumin da ya tara kuɗi, ko ya karɓi rance, ya shiga kasuwa, yakan tarar da iri biyu da ke jan ido. Na farko shi ne babur na tsere, wanda samari ke kira fawa-baik. Na biyu shi ne sikuta, wadda mutanenmu suka saba kira da sunan Vespa ko da wane kamfani ya ƙera ta. Kafin mu ce wanne ya fi, ya kamata mu san don me aka ƙera kowannensu, gama abu yakan bi halin abin da aka yi shi dominsa.

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya shi ya fito da Vespa a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talauci ya rufe ƙasar, hanyoyi sun lalace, mota kuma ta gagari talaka. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, ba ya ma son babur. Ya ƙi jinin sarƙar da ke ɓata tufa da baƙin mai, ya ƙi jinin ɗaga ƙafa a tsallake sirdi. Don haka ya rufe inji a baya, ya buɗe tsakiya, ya shimfiɗa wurin ajiye ƙafa, ya sa garkuwa a gaba don tare taɓo. Ma'anar sunan da Italiyanci zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙararta. Watau tun ranar farko an yi sikuta ne don mai zuwa aiki da tufa mai tsabta.

Babur na tsere kuwa daga filin tsere ya fito. A 1969 kamfanin Honda na Japan ya fitar da CB750 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, sauran kamfanoni suka bi sahu, ana ta ƙara ƙarfi ana rage nauyi, har a 1999 Suzuki ya fito da Hayabusa mai iya gudun kilomita 300 cikin sa'a guda. Sirdinsa a sama yake, hannuwansa a ƙasa, wurin taka ƙafa a baya, don mahayi ya kwanta bisa tanki ya ratsa iska. Ba na musun kyan aikin da aka yi masa. Birkinsa ya fi na sikuta nesa ba kusa ba, tayoyinsa sun fi kama kwalta, a kan hanya mai kyau kuma ba ya rawa. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce, ina filin da ma'aikaci zai yi wannan gudu tsakanin gidansa da ofis?

Bari mu yi lissafi. A ce tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 15 ne. In ka yi tafiyar kilomita 50 cikin sa'a, wadda ita ce iyakar gudun da aka yarda wa babur a cikin gari, za ka isa cikin minti 18. In ka karya doka ka yi 80, za ka isa cikin minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi. Ribarka duka ba ta kai minti 7 ba, wannan kuwa in hanya a buɗe take, ba danja, ba shataletale, ba ɗan kura da ya gitta. Ga kuma abin da ka biya don waɗannan mintoci. Mai gudun kilomita 50 yana cin mita 14 cikin kowace daƙiƙa, mai gudun 100 yana cin 28, tun kafin yatsansa ya taɓa birki. Bayan ya kama birkin kuma, nisan da zai ja kafin ya tsaya ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, haka nan ƙarfin karon in ya auku. Wannan ba dokar gwamnati ba ce balle a nemi sassauci, haka Allah ya halicci nauyi da gudu.

A cikin cunkoso kuwa, wanda shi ne abincin yau da kullum na mai bin hanyar Ikorodu ko ta Nyanya da Mararraba, babban babur wahala ne. Nauyin mai si-si 600 ya kusa kilo 200, sikuta mai si-si 125 ba ta cika wuce kilo 120 ba. Hannun hagu yana matse kuloci yana saki, ƙafar hagu tana sa giya tana cirewa, sau ɗari kafin a kai mahaɗa ta gaba. Injin da aka yi don iska ta riƙa dukansa sai ya ɗau zafi, fankar lagireto ta tashi ta huro wa cinyoyinka wuta. Wuyan hannu da gadon baya su ɗauki nauyin jiki. Sikuta ta zamani ba ta da kuloci na hannu, ba ta da giya ta ƙafa. Bel ne a ciki tsakanin faifai biyu masu buɗewa da tsukewa, shi ke canza giyar da kansa. Ka murɗa totur ta tafi, ka kama birki ta tsaya, hankalinka duka yana kan hanya.

Sai batun aljihu. Mutumin nan mai kilomita 15, zuwa da komowa 30 ke nan, cikin kwana 22 na aiki ya yi kilomita 660 a wata. Ƙaramar sikuta mai lafiya takan yi wajen kilomita 40 da lita guda, watau lita 17 ta ishe shi. Babur na tsere mai si-si 600 yakan yi 16 ko 17, watau lita 40 ko kusa da haka. Kowa ya ninka da kuɗin lita na garinsu ya gani. Mai kuwa shi ne ƙaramin abu. Tayar babur na tsere laushi gare ta, don ta kama hanya aka yi ta haka, saboda haka da wuri take cinyewa, ga tsada. In ya faɗi, ko a tsaye yake, robar da ta lulluɓe jikinsa ta tsage, sai an aika waje. Kayan gyaran ƙananan babura kuwa, daga kasuwar Nkwo ta Nnewi suke bazuwa ko'ina cikin ƙasar nan, har ƙauye. Bakaniken bakin titi ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Amma inji mai silinda huɗu da na'urar kwamfuta mai auna masa mai, masu iya taɓa shi ƙalilan ne, wanda bai iya ba kuma ba zai ce maka bai iya ba.

Akwai wani abu da Turawan da ke rubuta littattafan babura ba su cika kula da shi ba, mu kuwa tilas mu kula, shi ne tufafinmu. Babbar riga, da zane, da hijabi, da gyale, duk abokan gabar sarƙa ne da sifokin taya. Ma'aikatan asibiti sun san irin raunin da akan kawo sa'ad da bakin mayafi ya naɗe a tayar baya ya fizgo mace ƙasa. A sikuta inji da bel a rufe suke, ƙafafu biyu suna haɗe a gaba, ko da yake wannan bai ɗauke wa kowa tattara tufarsa kafin ya tashi ba. Wurin goyo na babur na tsere ɗan tudu ne kamar tafin hannu, ba inda mai ɗakinka za ta zauna da mutunci, ba inda za a rataya cefane. Ƙarƙashin sirdin sikuta kuwa akwati ne, yakan ci hular kwano ko fayil da rigar ruwa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce sikuta ba ta da aibu. Babban aibunta ƙafarta. Tayoyin yawancinsu inci 10 ne ko 12, na babur na tsere 17. Ƙaramar taya in ta tarar da rami faɗawa take yi ciki, babba kuwa ta haye bakinsa. A kan yashi ko tsakuwa ko jar ƙasa mai santsi, sikuta ta fi saurin zamewa. Cikinta kusa yake da ƙasa, haka nan mashaƙar iskar inji da gidan bel. Wanda ya san daminar Ikko ko ta Fatakwal ya san yadda titi ke zama kogi cikin rabin sa'a. In ruwa ya shiga gidan bel, inji zai yi ta kuka babur bai motsa ba, in ya shiga inji kuwa, aiki ya samu. A kan babbar hanya kuma, inda tirela da tanka ke wucewa da gudu, iskarsu kaɗai takan ture abu marar nauyi, ƙaramin inji kuma ba shi da ragowar ƙarfin da zai fid da kai daga tsakanin manyan motoci biyu. Wannan haɗari ne na gaske, ban raina shi ba.

Shi ya sa nake so ku dubi wani iri na uku da ke tsakani, wanda a Arewa ake kira roba-roba, a ƙasar Ibo kuma mata suka daɗe suna hawansa zuwa kasuwa da makaranta. Asalinsa Super Cub ne da Honda ya fitar a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Tsakiyarsa a buɗe take kusan kamar sikuta, ba kuloci na hannu, sarƙarsa a cikin gida take, amma tayoyinsa manya ne. Ga wanda unguwarsu ba kwalta, a ganina wannan ya fi duka biyun.

Yanzu sai doka, wadda mutane ke mantawa da ita sai bayan sun biya kuɗi. A watan Oktoba na 2006 aka hana acaɓa cikin birnin Abuja. A 2012 Jihar Ikko ta kafa dokar da ta hana babura bin hanyoyi 475, ciki har da manyan gadoji, aka kuma sa si-si 200 ya zama ma'aunin da ake dubawa wajen waɗanda aka yi wa rangwame. An ƙara tsananta hanin a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022. Kano ma ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013. Galibin waɗannan dokoki don 'yan haya aka yi su, amma ma'aikacin da ke tsaye bakin hanya ba kullum yake bambance na haya da na gida ba. Saboda haka kafin ka saya, je ofishin hukumar hanya ta jiharku, ka faɗi titunan da za ka bi ɗaya ɗaya, ka ji irin babur ɗin da aka yarda ya bi su. Mai yiwuwa amsar da za ka samu ita ce za ta yanke maka shawara.

In ya zama dole ka bi babbar hanya kowace rana, kuma tafiyar da nisa, to babur mai ƙarfi yana da hujja. Amma ƙarfi mataki-mataki ne. Mai si-si 250 ko 300 ya isa ya bi sahun motoci, ya isa ya wuce tirela, bai kuwa kai ga wanda ɗan kuskuren murɗa totur zai ɗaga masa ƙafar gaba ba. Wanda bai taɓa hawa ba, ya fara da mai si-si 600 ko 1000, musamman irin na hannu da ake shigowa da su ba a san tarihinsu ba, lalle ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Iyaye masu hali da ke saya wa 'ya'yansu irin wannan don sun gama makaranta, ina roƙonsu su sake tunani.

Ko wanne ka zaɓa, ka sa kuɗin hular kwano cikin kuɗin babur. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairu na 2009, mun kuwa ga abin da ya biyo baya: masu kifa ƙwarya, masu sa hular leburan gini, masu rataye ta a hannu sai sun hango jami'i. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi ya nuna hula ta gari, wadda aka ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Mai sikuta ya fi kowa sakaci a nan, don yana ganin ba gudu yake yi ba. Kwalta ba ta tambayar irin babur ɗin da ka faɗo daga kansa. A sayi biyu, ɗaya ta wanda za a goya, a haɗa da takalmi rufaffe, gama silifa ba ta tsare komai.

Lasin tuƙin babur shi ne aji na A, ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Tilas a yi rajista a ɗaura lamba, a kuma yanki inshora wadda za ta biya wanda ka yi wa ɓarna. In na hannu za ka saya, tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A tada injin da sanyinsa, a dubi hayaƙin salansa, a ɗaga gaba a juya kan a ji ko yana sarƙewa, a dubi ƙarfen jiki ko akwai alamar walda. Sa'an nan a gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke rubuce cikin takardun kwastan da rasidin farko, harafi da harafi. In ɗaya ya saɓa, ko aka ce takarda tana gida za a kawo gobe, mai da kuɗinka aljihu.

Shugaba, a nan zan dakata, in akwai mai tambaya ina saurare.