Safar Hannun Malamar Asibiti Ba Ƙyama Ba Ce

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, uwargida da amarya, barkanmu da warhaka. Ina gaida ku mutanen Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi da Tsanyawa, da duk wadda ta jingine rediyonta a gindin turmi tana saurare. Da fatan an tashi lafiya, ya yara, ya aikin gida?

Yau maganarmu a kan jini ce. Akwai ƙorafin da mata suka saba yi idan sun dawo daga asibiti. Sai ki ji ana cewa, “Ni fa nas ɗin nan ƙyamata take yi, ba ta taɓa ni sai da ta sa safar roba.” Wata kuma ta ce an ɗebi jininta a wurin awon ciki, ita ba ta san abin da ake zarginta da shi ba. To 'yan uwa, a gyara zama, mu ji dalili.

A watan Janairu na 2020 an yi wani babban rashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kawo wata mai ciki cikin mawuyacin hali, likitoci suka shiga da ita tiyata don a ciro jaririn. Ashe tana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda a farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro yake, ko taifod. Baiwar Allah ta rasu. Bayan 'yan kwanaki biyu daga cikin likitocin da suka yi mata aikin, namiji da mace, su ma suka kwanta, kuma ba su tashi ba. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, shi ya tabbatar wa jama'a da ɓullar cutar, aka shiga bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da su. Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya.

Ba a Kano aka fara ba. Ita wannan cuta a 1969 aka gano ta, a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma nas ce ta fara kwanciya. Aka kai ta Jos, nas ɗin da ta yi jinyarta tana da ɗan yanka a yatsa, ita ma ta kamu, duka biyun suka rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa a Jos ɗin, ita ma ta bi su. Haka a 2014 Dakta Stella Adadevoh ta rasu a Legas, bayan ta tsare mutumin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya ta hana shi fita cikin jama'a. Kun ga ashe mai ba da magani shi ma ransa a hannunsa yake.

To ta yaya jinin wani ke shiga jikin ma'aikaci? Hanya uku ce. Ko allurar da aka yi wa majinyaci ta soke shi, ko reza ko almakashin aiki ya yanke shi. Ko jini ko ruwan haihuwa ya fantsar masa a ido ko baki ko hanci. Ko kuma yana da ƙurji, ko faso, ko yanka a hannu, jinin ya bi ta nan. Fata mai lafiya kariya ce, amma wacce a cikinmu hannunta ke rabuwa da yankan wuƙa ko ƙunar girki?

Cututtukan da aka fi tsoro ta wannan hanya su ne ciwon hanta nau'in B, da nau'in C, da ƙanjamau. Yawancinmu ƙanjamau muka fi jin tsoro, amma ku ji lissafin masana. Idan allurar mai ƙanjamau ta soki mutum 1,000, kimanin 3 ne ke kamuwa. Idan ta mai ciwon hanta nau'in C ce, kimanin 2 cikin 100. Amma nau'in B, ga wanda bai yi rigakafi ba, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Ƙwayar cutarsa kuma takan yi mako guda a cikin busasshen jini ba ta mutu ba. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin 8 cikin kowane manya 100 na ɗauke da ita. Da yawansu garau suke, ba shawara, ba ciwon ciki, sai bayan shekaru hanta ta lalace. Saboda haka ma'aikaci ba ya iya gane mai cuta da ido. Dokar aikinsu ita ce a ɗauki jinin kowa da taka-tsantsan iri ɗaya, na matar hakimi da na matar talaka. Kuma safar nan ke ma tana kare ki, don hannun da ya taɓa ki ya taɓa wasu kafin ke. Idan ma kin ga ba a canza ta ba, kina da damar ki yi magana cikin ladabi.

Wata za ta ce, “Ni da nake cikin kulle, ina ruwana da aikin asibiti?” Hajiya, da ruwanki. Na farko, 'ya'yanmu ne a can. Mun daɗe muna kukan a samar mana mata masu karɓar haihuwa, yanzu ga su 'yan matanmu suna karatun nas da ungozoma. Na biyu, idan aka kwantar da wani a gida, wa ke zaman jinya? Ke ce mai wanke zane, ke ce mai zubar da fo, ke ce mai goge amai. Na uku, haihuwa da yawa a ƙauyukanmu a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozoma ko uwar miji ko kishiya. Aikin nas kuke yi, ba safa, ba rigakafi.

Ga abin da nake roƙonku. Idan kin je asibiti, ki faɗi gaskiyar ciwonki. Kwana nawa kina zazzaɓi, wane magani kika sha bai yi ba, ko akwai wanda ya yi irin ciwon a gidan, ko kin yi tafiya, ko an taɓa ce miki kina da ciwon hanta. Kunya a nan ba ta da amfani. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a hanzarta kai shi asibiti, don Lassa ma an fi samun sa'arta idan an zo da wuri.

Idan an ce za a gwada jininki a awon ciki, ki yarda. Idan an sami wani abu, akwai matakan da ake ɗauka don kada jaririn ya ɗauka. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida kika haihu, ki roƙi maigida a kai jaririn a ranar, kada a ce sai bayan suna.

A cikin kayan haihuwa ki tanadi safar hannu, da sabuwar reza a cikin takardarta, da sabulu, da leda mai faɗi ta shimfiɗawa. Iya ungozoma, Allah Ya saka da alheri, amma a sa safa kafin a karɓi haihuwa ko a ɗauki mabiyiya. Idan babu safa, a ɗaura leda mai tsabta a hannu, ya fi babu. Zannuwan da suka ɓaci da jini a jiƙa su minti 10 a ruwan Jik, ma'auni 1 na Jik da ma'auni 6 na ruwa, sannan a wanke, a shanya a rana. Kada a ba yarinya ƙarama wannan wanki.

Reza ɗaya, mutum ɗaya. Ko yankan farce ne, ko askin suna, ko kaciya, ko ƙaho, a sayi sabuwa a ba wanzami, kuɗinta bai kai na magani ba. Mai zuwa gida yin allura kuma ya ɓare sabon sirinji a gabanki. Idan ya gama, a jefa allurar cikin gwangwani ko gora mai murfi, kada a watsa ta a juji. Mun san takin jujinmu gona yake tafiya, yara kuma ba takalmi suke bi ta kai, wasu har tsintar sirinji suke yi suna wasan fesa ruwa.

To idan tsautsayi ya faɗa fa? Allura ta soke ki, ko jini ya shiga yanka? Ki wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ki tsotsa, kada ki matse da ƙarfi, kada ki zuba Jik ko kananzir a kai. Idan a ido ne, ruwa zalla. Sannan a tafi asibiti a ranar. Akwai maganin da ake sha kwana 28 da ke hana ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika, kuma gara a awannin farko. Haka ma ciwon hanta nau'in B, akwai allurar da ake yi da gaggawa. Mazajenmu masu saurare ta bayan danga, wannan fita ta lalura ce, a ba da izini, a kuma yi rakiya.

Ke kuma da 'yarki ko ƙanwarki ke aikin asibiti, ko da shara take yi ko wanki, ki tambaye ta yau, “Kin yi allurar ciwon hanta guda uku ɗin nan?” Idan ba ta yi ba, ki matsa mata. Ki kuma ce mata idan allura ta soke ta kada ta ɓoye don tsoron faɗan shugabanta, ta faɗa a take.

A nan za mu dakata. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ke bakin murhu ba ta ji ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya tsare masu kula da mu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.