Asalin Kalmar Sukari da 'Yar'uwarta Suga

Leburan da ke sauke buhuna a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa "suga" yake cewa, malamin makaranta kuwa ya gyara masa, wai "sukari" ita ce Hausa tsantsa. Gyaran nan yana da rauni, domin kalmomin biyu duk baƙi ne, kuma uwarsu ɗaya.

Tushen yana ƙasar Indiya, inda a harshen Sanskirit "sharkara" ke nufin tsakuwa, daga baya ta ɗauki ma'anar ƙwayoyin sukari. Farisawa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar". A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta ratso hamada, Bahaushe ya liƙa mata wasali a ƙarshe bisa al'adarsa, ta zama sukari. Ɗayar ta haye teku zuwa Italiya, inda Jamusawa suka are ta suka ce "Zucker". Ingilishi kuwa daga Faransanci ya karɓa, watau doguwar hanya ya bi, har ta iso Kano a bakin Turawan mulki bayan 1903.

Baƙuwar baya ba ta zo da wasa ba. A asibiti "ciwon suga" ake ji, a teburin mai shayi ma haka.