Jan Biron Aboki a Littafin Malami Mai Koyo



Duk wanda ya yi NCE, a Sa'adatu Rimi ta Kumbotso ko ta karatun nesa na NTI Kaduna, ya san zangon TP, wato gwajin koyarwa. A tura ka makaranta a Tiga, ko Kwanar Dangora, ko can Riruwai, a ce bayan darasi ka zauna ka rubuta yadda ta kaya. Dabarar tana da asali. Tun 1963 jami'ar Stanford ta Amurka ta fara sa masu koyon malanta su koyar da gajeren darasi, su saurari gyara, su sake koyarwa. A 1983 kuma Donald Schön ya fitar da littafin da ya nuna cewa gwani yana ƙara gwaninta ne da waiwayen aikinsa.

To, an yi rubutun, an miƙa wa aboki ya duba. Me yake rubutawa a ƙasa? "Masha Allah, ya yi kyau." Kara ce ta hana shi faɗin gaskiya, kuma kara ba abin yarwa ba ce. Amma a nan cuta take yi, domin gobe yaran ne za su sake zaman darasin da bai shiga ba.

A ce wata ɗaliba tana TP a aji huɗu a Kiru, ta rubuta: "Na koyar da ɗebewa, yara sun gane." Ƙawarta ta ƙwarai za ta ɗauki biro ta tambaya a gefe: su wa suka gane? Na bencin gaba masu ɗaga hannu, ko har na zaune a ƙasa kusa da ƙofa? Da kika ba su 52 a ɗebe 17, nawa suka rubuta 45? Duk yaron da ya kawo 45 bai fahimci aro ba, ya ɗebe 2 daga 7 ne kawai. Tambaya ɗaya ke nan, ta mayar da ita ga littattafan yara ta duba, kuma ba a ce mata ba ta iya ba.

Mu da muka taso kusa da tsangaya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Gardi yana rubuta satu da ka, ya kai allonsa darasu, a bi shi harafi-harafi a gaban jama'a. Wasali ake gyarawa, ba a taɓa mutuncin mai allo, shi kuwa da ƙafarsa yake zuwa.

Saboda haka in za ka yaba, nuna layin da ka yaba da dalili. In za ka yi gyara, ɗauki abu ɗaya ko biyu, ka bar kuskuren Turanci sai wani zama. Ni dai a ganina, in Turancin ne ke sa ɗalibi rubuta layi biyu ya gudu, a bar shi ya yi waiwayensa da Hausa.

Roƙona ga malamai masu zuwa duba TP: kada ku ɗora maki a kan abin da aboki ya rubuta wa aboki. Ranar da ɗalibai suka gane cewa gyaran nan zai rage wa ɗan uwansu maki, kowa zai koma rubuta "ya yi kyau".